Tambaya da Amsa: Zaɓen Trump na nufin Amurkawa sun koma ra'ayin mazan jiya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne, ina bin siyasar duniya a rediyo. Tun da Donald Trump ya sake lashe zaɓen Amurka a Nuwamban 2024 muke ta musu da wani abokin aikina. Shi ya dage cewa Amurkawa sun gaji da masu sassaucin ra'ayi, sun koma ra'ayin mazan jiya, kuma duniya ma can ta nufa. Ni kuwa ina ganin tsadar rayuwa ce ta kayar da Kamala Harris. Wa ke da gaskiya a cikinmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara basira. A ganina ka fi abokinka kusa da gaskiya, amma kada ka raina hujjarsa. Trump na jam'iyyar Republican ya samu ƙuri'un wakilan zaɓe 312, wato ƙuri'un jihohi da ke tantance wanda zai zama shugaban ƙasa, Harris ta jam'iyyar Democrat ta samu 226. Ya cinye dukkan jihohi bakwai da aka yi ta kai ruwa rana a kansu. Ya kuma fi Harris yawan ƙuri'un jama'a, alhali rabon da ɗan jam'iyyar Republican ya yi haka tun George W. Bush a 2004. Har gundumar Starr da ke Texas, a bakin iyakar Meziko, wadda kusan duk mazaunanta 'yan asalin Latin Amurka ne, ta zaɓi Trump, alhali ta fi shekara 100 ba ta ba ɗan Republican ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To amma taswirar sakamakon zaɓen da aka shafe da jan launi, launin Republican, tana ruɗin ido. Trump ya samu kashi 49.8 cikin ɗari na ƙuri'un da aka kaɗa, Harris kashi 48.3. Bai ma kai rabi ba. Ka kwatanta da Ronald Reagan a 1984, wanda ya ɗauke jihohi 49 cikin 50. A majalisar wakilai kuwa da kyar Republican suka sha, kujeru 220 da 215. Sannan a Arizona da Michigan da Wisconsin da Nevada, jihohin da Trump ya ci, 'yan Democrat ne suka lashe kujerun majalisar dattawa a rana guda.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne jihar Missouri. A Amurka, takardar ƙuri'a ba sunayen 'yan takara kaɗai take ɗauke da su ba. A jihohi da yawa akan jera tambayoyi a ƙasa, mutum ya ce e ko a'a, kuma abin da rinjaye ya ce ya zama doka. A Missouri Trump ya samu wajen kashi 58. A wannan takardar dai, wajen kashi 57 sun amince a ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa dala 15 a awa, a kuma tilasta wa masu kamfanoni biyan ma'aikaci kwanakin da ya yi yana jinya. Shugabannin Republican da manyan 'yan kasuwa sun yaƙi wannan buƙata. Ka yi lissafin da kanka, Malam: idan wannan ya haura rabi, wancan ma ya haura rabi, dole akwai ɗaruruwan dubban mutanen da suka zaɓi Trump a saman takarda, suka gangaro ƙasa suka zaɓi abin da jam'iyyarsa ba ta so. A ranar kuma suka soke haramcin zubar da ciki, alhali Missouri ce jihar farko da ta kafa haramcin bayan hukuncin kotun ƙoli na 2022 da ya ba jihohi damar haramta shi. Ko mutum yana ƙyamar wannan al'amari ko ba ya yi, ba zai ce mutanen da suka kaɗa wannan ƙuri'a sun rungumi ra'ayin mazan jiya gaba ɗaya ba. A Florida ma kashi 57 sun goyi bayan irin wannan gyara, sai dai dokar jihar na buƙatar kashi 60.

Batun cewa duniya ta karkata kuwa, 2024 shekara ce da masu mulki suka sha kashi, ko wane irin ra'ayi gare su. A Birtaniya jam'iyyar Conservative, ta masu ra'ayin mazan jiyan kansu, ta faɗi ƙasa warwas bayan shekara 14 tana mulki, ta tsira da kujeru 121 cikin 650. A Indiya BJP ta Narendra Modi ta sauko daga kujeru 303 zuwa 240. ANC ta rasa rinjaye a Afirka ta Kudu karon farko tun 1994. Abin da ya haɗa waɗannan ƙasashe shi ne farashin kaya da ya tashi bayan annobar korona da yaƙin Ukraine. A Amurka hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 a Yunin 2022, abin da aka yi shekara 40 ba a gani ba. Daga baya ta lafa, amma kaya ba su koma farashinsu na da ba, kuma mai zuwa kasuwa farashin yake gani. A 2025 kuma Kanada da Ostareliya suka mayar da masu sassaucin ra'ayi kan mulki, har jagororin 'yan mazan jiya na ƙasashen biyu, Pierre Poilievre da Peter Dutton, suka rasa kujerunsu na majalisa. Jamus ce za ta fi ƙarfafa wa abokinka gwiwa, domin a Fabrairun 2025 jam'iyyar CDU ta masu ra'ayin mazan jiya ta zo ta ɗaya, AfD mai tsananin ƙyamar baƙi ta zo ta biyu da kusan kashi 21.

Nan ne kuma gaskiyarsa take. A kan shige da fice da kuma aikata laifuka, jama'a sun matsa da gaske zuwa ra'ayin mazan jiya. California, matattarar 'yan Democrat, ta amince da kusan kashi 68 a tsananta hukunci kan sata da miyagun ƙwayoyi. Harris kanta ta yi yaƙin neman zaɓe da alkawarin tsaurara tsaron iyaka. Binciken Gallup na 2024 ya nuna kashi 55 na Amurkawa suna son a rage yawan baƙin da ke shigowa. Sai dai bayan shekara guda, da aka fara kame da kora, adadin ya faɗo zuwa kashi 30.

Abin da ke damuna, Malam, shi ne mulki ya fi jama'a saurin karkata. Wanda ya ci da ratar kashi ɗaya da rabi yana mulki ne kamar wanda ya ci da kashi ashirin. A Missouri ɗin nan, a 2025 majalisar jihar da Republican ke riƙe da ita ta soke dokar biyan hutun jinya da jama'a suka zaɓa da hannunsu. A kotun ƙoli alƙalai shida cikin tara masu ra'ayin mazan jiya ne, uku Trump ya naɗa, kuma kujerar ta har abada ce sai mutuwa ko murabus. Idan abokinka gwamnatin Amurka yake nufi, ta karkata sosai. Idan zukatan mutane yake nufi, zaɓe ɗaya bai isa shaida ba.

Tambaya: Malam, na ji an ce Musulmin Amurka sun zaɓi Trump. Yaya aka yi haka, bayan shi ne ya hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shiga ƙasar a 2017? Daga wata ɗalibar jami'a.

Amsa: Malama, wasu ne, ba duka ba. Labarin ya fito ne daga Dearborn a jihar Michigan, garin da Larabawa suka fi yawa. Joe Biden ya ci garin da gagarumin rinjaye a 2020. A 2024 Trump ya samu wajen kashi 42, Harris kashi 36, Jill Stein ta jam'iyyar Green kashi 18. Dalilin a fili yake: Gaza da Lebanon. Mutanen garin da yawa suna da dangi a kudancin Lebanon, suna kallon ana ruwan bama-bamai da makaman da gwamnatin Biden ke aikawa. Sun nemi a ba Bafalasɗine ɗaya damar magana a babban taron jam'iyyar Democrat a Chicago, aka hana. Trump kuwa ya tako garin da ƙafarsa ya yi alkawarin zaman lafiya. Rashin uwa ne ya sa aka yi uwar ɗaki. Akwai kuma iyayen da tun 2022 suke rigima da hukumar makarantun garin kan littattafan da ke maganar luwaɗi da maɗigo, waɗannan kam sun samu matsaya ɗaya da 'yan Republican. Amma a wannan zaɓen dai, mazaɓar da Dearborn ke ciki ta mayar da Rashida Tlaib majalisar wakilai da rata mai yawa, ita kuwa Bafalasɗiniya ce 'yar Democrat, daga ɓangaren jam'iyyar da ya fi kowa nisa da ra'ayin mazan jiya.