Fim ɗin Muppets na biyu ya kamo ƙafar na farko kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yarana sun kalli The Muppets a wayar babansu, yanzu sun matsa mini sai na samo musu na biyu. Ya kai na farko daɗi? Kuma ya dace da ɗan shekara shida? Daga wata uwa a Garwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana su. Ki samo musu, amma kada ki sa ran zai taɓa zuciya yadda na farko ya yi.

Na farko ya fito a 2011, kuma labarinsa na zumunci ne. 'Yan tsanan nan da Jim Henson ya ƙirƙiro tun 1955 sun watse, kowa ya kama gabansa, an kusa mantawa da su. Sai ga wani attajiri yana shirin rushe tsohon gidan wasansu don ya haƙo man fetur a ƙarƙashinsa. Dole kwaɗon nan Kermit ya bi su gida-gida ya tattaro su, su yi wasa su tara dala miliyan 10. Duk wanda ya taɓa yawon sasanta dangin da suka daɗe ba sa ga maciji zai gane wannan labari. Ni dai wurin da Kermit ke tsaye shi kaɗai yana kallon hotunan abokansa a bango har yau yana sosa mini rai. Ɗaya daga cikin waƙoƙin da Bret McKenzie ya rubuta wa fim ɗin ma ta ci kyautar Oska.

Na biyu, Muppets Most Wanted, ya fito a 2014. In da Faransanci yaran suke kallo, ki neme shi da sunan Opération Muppets. Darakta ɗaya ne, James Bobin, sai dai Jason Segel da Amy Adams, waɗanda suka riƙe na farko, ba su dawo ba, kuma ana jin giɓinsu. Labarin ya koma na sata. Wani ƙasurgumin ɓarawon kwaɗo, Constantine, mai kama da Kermit kamar an tsaga kara, ya sa aka kai Kermit kurkukun Siberiya, shi kuma ya ja tawagar yawon Turai yana sata, har zuwa kayan sarautar Ingila a Landan. Akwai dariya sosai. Matsalar ita ce yawancin barkwancin na manya ne, ga taurari baƙi da ke leƙowa su wuce, yaro bai san ko su waye ba. A kasuwa ma kuɗin da ya samu kusan rabin na farko ne.

Game da ɗan shekara shida, babu zubar da jini. Akwai dai kurkuku, da ɗan fashe-fashe, da shirin auren aladiyar nan Miss Piggy. Ki zauna tare da shi a kallon farko, ki bayyana masa cewa Constantine ne mai baƙin tabo a fuska, amma ya ɓoye nasa ya manna wa Kermit na jabu, don kada kwaɗin biyu su rikita shi.