Likita, ƙwayoyin hana tsufa nake sha, amma ƙafata ta fara kumbura

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 52, ina sana'ar albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, ina zaune a Agege. Furfura ta cika min kai, gwiwa na ciwo, da la'asar sai in ji jikina ya mutu. Wani abokina ya haɗa ni da mai sayar da ƙwayoyin gina jiki: bitamin E, bitamin D, kolajin (wanda aka ce yana gyara fata da gaɓoɓi), da wani garin ganye da aka ce yana wanke jini yana maido da ƙuruciya. Wata huɗu ke nan ina sha, har na ajiye maganin hawan jinina, tunda an ce waɗannan daga tsirrai suke, ba sa illa. Yanzu kaina na yawan sarawa, ƙafata kuma ta kumbura. Tsufan ne, ko in ƙara yawan abin da nake sha?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka ƙara ko ƙwaya ɗaya, garin nan kuma ka daina shan sa daga yau. Ciwon kai da kumburin ƙafa ga mai hawan jinin da ya bar maganinsa wata huɗu ba aikin shekaru ba ne. Ƙoda da zuciya ake fara zargi. Je asibiti yau, a auna jininka, a yi maka gwajin ƙoda da hanta da suga da fitsari. In ka ji ƙirjinka ya riƙe, ko ganinka ya dushe, ko hannu ya yi nauyi, sashen gaggawa za ka nufa, kuma LASUTH, asibitin koyarwa na jami'ar jihar Legas, na nan Ikeja kusa da kai.

Sai maganar da ta ishe ni ji a ɗakin duba marasa lafiya: wai abin da ya fito daga tsirrai ba ya illa. Zaƙami ma ai tsiro ne, wa ya taɓa dafa shi ya ba ɗansa? Duk abin da ke da ƙarfin canza wani abu a jikinka yana da ƙarfin ɓata shi, ko a gona aka tsinko shi ko a masana'anta aka haɗa.

Bitamin A, D, E da K ba sa fita da fitsari kamar bitamin C. A kitse da hanta suke taruwa. Yawan bitamin D yana cika jini da sinadarin kalsiyam, ya kawo tsakuwar ƙoda, har ya raunana ƙodar kanta. Bitamin E kuwa, wanda masu talla suka fi ɗorawa kirarin hana tsufa, an gwada shi a kan maza fiye da 35,000 a binciken da ake kira SELECT a Amurka. Sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna masu shan sa sun fi kamuwa da sankarar mafitsara ta maza, wato furosteti, da kashi 17 cikin ɗari. Tun a 1994 an ga makamancin haka a Finland: an ba maza masu shan taba ƙwayar beta-karotin, sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, don ta kare su, sai sankarar huhu ta ƙaru a cikinsu. Waɗannan fa ƙwayoyi ne masu tsabta da aka san abin da ke ciki.

Garin da aka ƙulla maka kuwa, wa ya san me ke cikinsa? Ana kama irin waɗannan haɗe-haɗen da maganin asibiti a ɓoye, kamar dexamethasone, wani magani mai ƙarfi na rage kumburi. Mutum ya sha, ciwon gwiwa ya lafa, kumatu su cika, ya ce ya murmure, alhali suga da jini suna ta hawa. A Fabrairun 2025 hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta rufe kasuwar magani ta Idumota da ke Legas saboda jabu da lalatattun magunguna, amma har gobe ana tallar maganin cuta arba'in a cikin motar haya da WhatsApp. Kuma ko ka ga lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya, karanta ƙananan rubutun: sau da yawa an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da ake yi a kansa ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mai ce wa mutum ya ajiye maganin hawan jini. Shi ya karɓi kuɗinsa ya wuce, shanyewar ɓarin jiki kuma sai ta zauna a gidanka.

Kolajin ba shi da wannan haɗarin, aljihu kawai yake ci. Ciki narkar da shi yake kamar kowane nama.

Babu ƙwayar da aka tabbatar tana tsayar da tsufa a jikin ɗan Adam, furfura kuma galibi gado ce. Abin da ke tsofar da jijiyoyi da wuri an san shi: hawan jini, suga, taba, teɓa da rashin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirinka ya kai giram 5 a rana, wato kamar ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙulen magi da na yajin tsire duk suna cikin lissafin. Rage sugan shayin safe da lemon kwalba. Ka riƙa cin wake, kifi, zogale, alayyafo, kuɓewa, gyaɗa da gwanda, duk a Mile 12 ake sauke su, kai ka fi ni sanin farashinsu. Ka taka da ƙafa minti 30 a yawancin ranakun mako, bayan likita ya duba ka.

Ƙarin bitamin yana da wurinsa idan gwaji ya nuna ƙaranci, kamar B12 ga wanda ya daɗe yana shan metformin, maganin ciwon suga. Likita ne zai faɗi adadi da ranar dainawa.

In za ka asibiti, zuba duk kwalaben da garin a leda ka tafi da su, haɗe da kwalin tsohon maganin hawan jininka, likitan ya gan su da idonsa. Allah ya ba da lafiya, Alhaji.