Tayoyin gaba 65, na baya 70: Hilux za ta jure?

Tambaya: Ina da Toyota Hilux da nake shiga ƙauye da ita ɗauko hatsi. Tayoyin baya sun suɗe, sai na samu 'yan gwanjo biyu masu kyau, lamba 265/70 R17, na gaba kuma 265/65 R17 ne. Mai taya ya ce tunda duk 17 ne babu komai. In saka?

Amsa: Malam, rabin gaskiya mai taya ya gaya maka. Wannan 17 girman rim ne a inci, ma'ana tayar za ta hau lafiya lau. Lambar tsakiya ce abin dubawa. 265 faɗin taya ne a milimita, 65 ko 70 kuma tsayin gefenta ne, wato kashi nawa cikin ɗari na faɗin. In aka buga lissafi, 265/65 R17 tsayinta kusan milimita 776 ne, 265/70 R17 kuwa kusan 803. A ido ba wani abu ba ne. Amma kowane juyi, doguwar tana shafe ƙasa fiye da gajerar da wajen santimita 8, don haka a kilomita guda na gaba za su juya kusan sau 410, na baya kusan 397.

Muddin kana 2H, tayoyin baya kaɗai ke ja, na gaba bi suke yi, ɓarnar ba ta da yawa. Sai dai kwamfutar birkin ABS da ke ƙirga juyin kowace taya tana iya rikicewa ta kunna maka fitila. Rigimar tana farawa ne da ka saka 4H ko 4L, wato giyar da ƙafa huɗu ke ja. Hilux irin taka ba ta da giyar tsakiya mai raba gudu tsakanin gaba da baya, furofela biyun, wato sandunan da ke kai ja ga tayoyin gaba da na baya, ɗaure su ake yi su juya daidai wa daida. To ga shi gaba na neman 410, baya na neman 397, dole wani ya biya bambancin. A rairayi ko taɓo taya ce ke ɗan zamewa, a rabu lafiya. A busasshen burji ko kwalta kuwa, da buhuna a baya, ba inda za ta zame, sai ƙarfe ya ɗauka. Sitiyari ya yi nauyi, mota ta riƙa tsalle a kwana, giyar ta ƙi fita daga 4H sai ka yi baya. In aka daɗe a haka, sarƙa ko haƙoran akwatin da ke raba ja, da kuros na furofela, su ne ke fara tafiya, kuma kuɗin gyaransu ya ninka abin da ka rage a taya.

Masu Prado ma su fi ka yin hattara, don ita galibi kullum ƙafa huɗu take ja. Giyar tsakiyarta za ta yi ta aikin da a kwana kawai ya kamata ta yi, man ciki ya yi ta zafi. Mafi muni duka shi ne a haɗa doguwa da gajera hagu da dama a aksil ɗaya, wanda yakan faru idan safaya ba lambar sauran ba ce. In ta kama dole, a lallaɓa a hankali zuwa wurin falkanaiza.

Shawarata, ka mayar masa ka nemo 265/65 R17 guda biyu. In 70 ɗin kake so don tsayin mota, ka jira ka sayi huɗu da safaya, ka kuma sani ma'aunin gudu zai riƙa nuna ƙasa da gudunka da wajen kashi 3 cikin ɗari. Tunda gwanjo ne, lamba kaɗai ba ta isa ba, don sabuwa da suɗaɗɗiya tsayinsu ba ɗaya ba. A ba su iska daidai, ka zagaya kowace da igiya ka gwada. Ka duba lambobi huɗun ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 a 2019 aka yi ta.