Me Ya Sa Irin Dawata Ya Ƙi Tsirowa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a Talata Mafara. Bara na ware irin kaura daga abin da na girbe, na zuba a buhun taki na jingine a ɗaki, amma da na shuka kusan rabinsa bai fito ba. Wasu sun ce da na cuɗa shi da magani tun lokacin ajiya da hakan bai faru ba. Shin gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Magani yana da amfaninsa, amma ina ganin danshi ne ya cuce ka. Ƙwayar dawa abu ne mai rai, tana numfashi a cikin buhu, kuma idan aka ɗure ta ba ta gama bushewa ba, ko buhun ya sha raɓar ƙasa da zafin bazara, sai ƙarfinta ya tafi tun kafin ƙwaro ya huda ta. Buhun taki kuwa iska tana ratsa shi, ƙwaro ma haka.

Ana son danshin iri ya sauka zuwa kashi 12 cikin 100 ko ƙasa da haka. Ka samu busasshiyar kwalba, ka zuba gishirin da ya bushe da ɗan ƙwayar dawa, ka girgiza, ka bar su su ɗan jima. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, to shanya ba ta isa ba, sai a mayar da ita kan tabarma.

Bayan nan sai mazubi, wanda shi na fi ba wa muhimmanci. Buhun PICS, da masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, yana da leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, kuma ana matse iska a ɗaure kowane baki daban, sai ƙwarin da ke ciki su rasa iska su mutu. Jarka mai tsabta da murfinta yake rufuwa sosai ita ma tana yi, muddin an cika ta. A ɗora a kan katako, nesa da bango da ɓeraye, kada a riƙa buɗewa.

Shi kuwa maganin cuɗa iri, irin su Apron Star, aikinsa kare ƙwayar daga cutar burtuntuna da ƙwarin cikin ƙasa bayan shuka, don haka na fi son a cuɗa dab da shuka, bisa awon da ke jikin ledar, a bar shi ya sha iska a inuwa. Irin da aka cuɗa guba ne. Kada a ci, kada a ba kaji ko dabbobi, kuma a nesanta shi da yara.

Kafin ruwan shuka ya sauka, ka irga ƙwaya 100 ka binne a jiƙaƙƙen yashi cikin tsohon kwano. Bayan kwana 7 zuwa 10, idan abin da ya fito bai kai 70 ba, ka nemi wani irin ko ka ƙara yawan ƙwaya a kowane rami.