In sayar da hatsina da kaka ko in jira bazara?

Tambaya: Malam, ni manomi ne a ƙasar Mirya. Da kaka nakan kai hatsi kasuwar Dole ta Damagaram a saye shi da araha, kafin damina ta kankama kuma ga ni ina awon tiya da tsada. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, sannu da aiki. Damina ɗaya muke da ita, kowa yana girbi wajen watan Oktoba, kuma lokacin ne bashin damina, kuɗin makaranta da bukukuwa ke taso wa mai gida. Kowa ya fito da nasa, tiya ta faɗi. 'Yan kasuwa su saye su kimsa a sito, wani kuma ya bi ta Magariya ko Matamaye ya nufi kasuwar Dawanau a Kano. Daga watan shida zuwa na takwas rumbuna sun yi ƙasa, mai saye ya fi mai sayarwa yawa.

Shawarata, hatsi shi ne na ƙarshen fita daga gida. Fara sayar da gyaɗa da riɗi. Wake ma, in ba ka da buhun nan mai ninki uku wanda iska ba ta shiga, rabu da shi da wuri, don ƙwari ba sa raga masa. Hatsi kuwa bar shi a zangarniyarsa, dami-dami cikin rumbu, a riƙa sussuka na fura da tuwo kaɗan-kaɗan. Ya fi sussukakke jure ajiya nesa ba kusa ba. Ka dai ɗaga gindin rumbun bisa duwatsu saboda gara da laima.

In buƙatar kuɗi ta matsa, akwai tsarin jinginar da amfanin gona. Ƙungiyar manoma ta tara buhuna a sito guda, asusun ba da rance ya ba kowa wani kaso na kuɗin kayansa. Kwaɗo biyu ake sa wa ƙofar, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya wajen asusun. Bayan wata biyar ko shida ka biya, ka ɗauki abinka.

Sai dai ba kullum ake cin riba ba. Shekarar da aka yi yabanya mai kyau, ko OPVN, hukumar ajiyar cimaka ta gwamnatin Nijar, ta fito da cimaka a farashi mai rahusa, hatsi ba ya tashi sosai, ladan asusu da na sito su cinye ɗan abin da ya hau. Saboda haka fara ware abincin iyali har zuwa sabon hatsi, rarar ce za ka jinginar.