Ku Tambaya Mu Amsa: Ƙungiyar Masu Zane, Daga Rabon Kuɗi Zuwa Ƙusar Bango

Tambaya: Mu bakwai ne, masu zane huɗu, masu ɗaukar hoto biyu da mai sassaƙa ɗaya. Mun samu hayar wani tsohon sito a cikin birni, muna son ya zama wurin aiki da baje koli. Wasu sun ce mu fara yin rajista, wasu kuma sun ce a fara baje kolin tukuna a ga kamun ludayinmu. Wanne ne gaba? Daga Malam S. A.

Amsa: Malam, akwai abin da ya riga su duka biyun, wato takarda mai shafi biyu wadda ku bakwai ɗin za ku sa wa hannu. Za ka ce ai ku abokai ne, to sabo da kaza ba ya hana yanka. A shekarar 1874 masu zane su Monet, Renoir, Degas, Pissarro da Berthe Morisot sun yi baje kolin haɗin gwiwa a birnin Paris, wanda har gobe ana maganarsa, amma kafin shekarar ta ƙare bashi ya sa sun rusa ƙungiyar. Gwaninta ba ta biyan kuɗin haya.

Abu na farko a takardar shi ne kuɗin wata. Ku tara haya, wuta, ruwa da ƙananan gyare-gyare, ku ƙara kashi 10 cikin 100 saboda ko-ta-kwana, sannan ku raba bakwai. Kada ku ɗora haya a kan cinikin da ba a yi ba, domin ana iya yin wata uku ba a sayi ko zane ɗaya ba. Sai la'ada. Ɗakunan baje koli na 'yan kasuwa sukan ɗauki kusan rabin kuɗin zane. Ku da kuke biyan kuɗin wata, kashi 20 zuwa 30 ya wadatar wa ƙungiya. Ku rubuta ranar biyan mai zane ƙarara, misali kwana 14 bayan kuɗin mai saye ya shiga, ku kuma faɗi wanda zai ɗauki asarar idan aka yi wa mai saye ragi. A nan ne rigima ta fi ɓarkewa: wanda ke tsaron ɗaki ya rage farashi don kada ciniki ya kuɓuce, mai zanen ya zo ya ce shi bai san zance ba. Ku ƙayyade cewa ragin da ya wuce kashi 10 sai an kira mai aikin.

Asusun banki ya zama da sunan ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, kuɗi ba ya fita sai da biyu daga cikinsu. Bankuna galibi ba sa buɗe irin wannan asusun sai da takardar rajista, saboda haka rajista ce ta biyu, baje koli na uku. Ku haɗa da jadawalin tsaro da shara, domin idan aka bar wa "duk wanda ya samu lokaci", mutum ɗaya ne zai yi ta yi har ya gaji ya fice. Kuma ku rubuta yadda ake fita: sanarwar wata biyu, da abin da mai fita zai tafi da shi. Janareto ko majigin da aka saya da kuɗin kowa ya zauna a ƙungiya.

Idan kuna neman abin koyi, ku duba ruangrupa, ƙungiyar masu zane da aka kafa a Jakarta ta ƙasar Indonesiya a 2000. Tsarinsu na tara kuɗi, kayan aiki da lokaci a rumbu ɗaya kowa ya ɗiba shi suka kai babban baje kolin documenta da suka jagoranta a Kassel ta ƙasar Jamus a 2022.

Tambaya: Mun yi baje kolinmu na farko, amma da muka sauke kaya sai muka tarar hotuna biyu sun manne da gilashi, bayan wani zane ya yi fumfuna, wani kuma ledar da muka naɗe shi da ita ta bar masa ɗige-ɗige. Mutane kuma sun ce jerin bai daidaita ba. Ina muka kuskure? Daga Malama H. B.

Amsa: Malama, uku daga cikin huɗun laima ce da zafi. Hoto ba ya son ya taɓa gilashi. A sa masa kwali mai taga tsakaninsa da gilashin, kaurin milimita 2 ma ya isa. Fumfuna kuwa tana samun gindin zama idan laimar ɗaki ta daɗe sama da kashi 65 cikin 100, alhali abin da ake so shi ne 45 zuwa 55. Ku sayi ɗan ƙaramin ma'aunin laima ku rataye. Ku guji bangon da ruwan sama ke duka ta waje, ku kuma manna 'yan guntayen roba a kusurwoyin ƙasa na bayan firam don iska ta riƙa ratsawa.

Leda mai ƙurajen iska ita ce ta ɓata wancan zanen. Fentin akirilik yana laushi idan ya ji zafi, sai ƙurajen su zauna masa daram. A fara rufe fuskar da takarda mai santsi marar maiƙo, a sa kwali, sannan leda, ƙurajenta na kallon waje. Zanen fenti mai mai yana iya bushewa a sama cikin 'yan kwanaki alhali cikinsa ɗanye ne, shi ya sa ake jira wata 6 zuwa 12 kafin a shafa masa banish, wato ruwan ƙyalli mai kare fuskar zane.

Batun jeri lissafi ne kawai. Tsakiyar kowane zane ake daidaitawa, santimita 145 daga ƙasa, ba samansa ba. Idan tsayin firam santimita 80 ne, kuma wayar baya in an ja ta sama tana tsayawa santimita 10 ƙasa da leɓen firam, to 145 a ƙara 40, wato rabin tsayin, a cire 10, ƙusa ta shiga a 175. Zane mai nauyi a ba shi ƙusa biyu don kada ya riƙa karkata. Fitila ta sauko a karkace, kamar digiri 30 daga tsaye, don kada ƙyalli ya kashe wa mai kallo ido. Aikin takarda da na yadi ba sa jure haske, saboda haka a nisanta su da taga, a rage musu fitila zuwa wajen laks 50 (laks ma'aunin ƙarfin haske ne), shi kuwa fenti mai mai yana ɗaukar har 200.

Kafin ku karɓi kowane aiki, ku ɗauki hotonsa gaba da baya, ku rubuta girmansa da duk wani tabon da ya zo da shi, mai shi ya sa hannu.

Tambaya: Wani ya sayi zanena a ɗakin ƙungiyarmu, yanzu ga shi ya buga shi a jikin riguna yana sayarwa. Ya ce tunda ya biya, nasa ne. Daga A. M.

Amsa: Ɗan'uwa, zanen ya saya, bai sayi haƙƙin kwafa ba. Wannan haƙƙin yana hannunka sai in ka sallama shi a rubuce. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasashe sama da 180 suka shiga, ta kare zane tsawon ran mai shi da aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa, kuma ba ta sharɗanta rajista ba. Ka adana rasit, hotunan zanen tun yana hannunka da riga ɗaya daga cikin nasa, ka kai wa lauya ya rubuta masa. Ƙungiyarku kuma ta ƙara layi ɗaya a ƙasan kowane rasit: haƙƙin kwafa da bugawa na mai zanen ne.