Gasar iyo, keke da gudu cikin sanyi da ruwan sama

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne ɗan Katsina da ke karatu a Leeds, ƙasar Ingila, kuma na yi rajistar shiga gasar tirayatlon ta farko a rayuwata: iyo na mita 750 a tafki, tseren keke na kilomita 20, sannan gudun kilomita 5. A tafkin cikin gida mai ɗumi kaɗai na koyi iyo, ga shi hasashen yanayi ya nuna za a yi sanyi da ruwan sama a ranar. In shiga ne, ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka zauna a garin da ya dace, domin a yankin Leeds ne Alistair Brownlee ya taso, wanda ya ci zinare a wasan tirayatlon a gasar Olamfik ta 2012 da ta 2016, kuma cikin irin wannan damshin ya yi atisayensa. Ra'ayina shi ne ka shiga, amma da sharaɗi guda: kada ranar gasa ta zama ranar farko da jikinka zai ɗanɗani ruwan tafki.

Duk wanda ya faɗa ruwa mai tsananin sanyi, numfashinsa kan fizge ba da son ransa ba, zuciyarsa ta riƙa bugawa da sauri, kuma a wannan hali ne mutum kan shaƙi ruwa ko da gwani ne. Abin yakan lafa cikin minti 1 zuwa 3. Binciken Farfesa Mike Tipton na Jami'ar Portsmouth ya nuna cewa shiga ruwan sanyi na 'yan mintoci sau 5 ko 6 yana rage wannan firgitar jiki da kusan rabi. Saboda haka ka nemi tafkin da ake iyo ƙarƙashin kulawar masu ceto, ka je sanye da rigar iyo ta roba wadda za ka yi gasar da ita. A dokar hukumar wasan ta duniya, sanya rigar wajibi ne idan ruwan bai kai digiri 16 a ma'aunin Salshiyas ba. Idan ka ji ka gaza a tsakiyar tafki, ka kwanta rigingine ka ɗaga hannu ɗaya, masu kwale-kwale za su iso gare ka.

Sai dai inda na fi jin tsoro a kanka shi ne kan keke, kuma nan ne sababbin shiga suka fi yin sakaci. Za ka fito a jiƙe, iska tana dukan ƙirjinka, zafin cikin jikinka kuma yana ci gaba da sauka ko bayan ka bar ruwan, har yatsu su sandare su kasa matsa birki. Na roƙe ka, ka ba da minti biyu a wurin sauya kaya: ka goge jiki, ka sa rigar da iska ba ta ratsa ta, da safar hannu da ta ƙafa waɗanda ka adana a leda. Ka ɗaure hular kwano kafin ka taɓa keken, domin haka doka ta ce. A kan hanya ka fara taka birki tun da nisa, ka guji farin fentin titi da murafan ƙarfe na magudanar ruwa, musamman a kwana, saboda santsinsu ya fi na kwalta. Gudun ƙarshe shi ne mai sauƙi ta fuskar sanyi, domin shi zai dawo maka da ɗumi.

Akwai abin da ya shafe mu musamman: idan kana da sikila, ko asma, ko ciwon zuciya, kada ka shiga sai likita ya amince, domin sanyi da wahalar jiki suna tayar da ciwon sikila. Haka kuma idan karkarwa ta yi tsanani, harshenka ya yi nauyi, ko tunaninka ya fara rikicewa, ka tsaya nan take ka sanar da jami'an gasar. Da ka gama, ka cire jiƙaƙƙun kaya, ka lulluɓa, ka sha shayi mai zafi. Allah ya ba da sa'a.